Hannun Mama a Gefen Faranti

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Mama ma tana gaishe ka, har ta ce in rubuta tata gaisuwar sau biyu don kada ka ce ta yi maka rowa. Da fatan aiki bai cinye ka ba. Mu nan sai godiya. An sallamo Mama daga asibiti, tana takawa da sanda daga ɗaki zuwa ƙofar kicin, amma kunnen nan ya ƙara nauyi. Ranar da ka kira ta riƙe wayar tana ta "na'am, na'am," da ka kashe ta juyo ta tambaye ni wa ya kira. Don haka ta ce ka daina wahalar da kanka, ka riƙa rubuto takarda, ni in karanta mata a bakin kunne. Ka riƙa yin biyu, tata daban tawa daban, don ba kowace magana zan ɗaga murya maƙwabta su ji ba.

Tsohuwar kyamararka ta iso lafiya. Likita ya ce maganin da ya fi kowane magani yanzu shi ne abinci, kai kuma ka ce in riƙa ɗaukar hoton abin da nake ba ta don hankalinka ya kwanta. To ga su nan, mai ɗakin hoto na bakin titi ya wanke min. Akwai shinkafa da kifi, akwai dankali da ƙwai, akwai kek ɗin lemon nan da take so. Na san kai da kake ɗaukar wa babban otal hotunan abinci za ka yi dariya har ka riƙe ciki. Yi abinka, ni dai girki na iya.

Na rage karɓar aikin kek na mutane, sai na wanda ya matsa min, don Mama ba ta son a bar ta ita kaɗai. Yaushe za mu gan ka?

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin ganin rubutunki, na kuma gode wa Allah da sauƙin Mama. Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon baya na yawan sunkuyo. Ga tata takardar nan a ninke daban.

Dariya kam na yi, ba zan ɓoye miki ba. A hoton shinkafa na ga bokitin wanki, na ga silifas ɗinki ƙafa ɗaya, na ga rabin kyanwar maƙwabta, sai da na yi bincike kafin na gano kifin. Kek ɗin kuwa kin haske shi da wutar kyamara kamar ɓarawon da aka kama a bayan gida. Allah ya ba ki hannun girki, Auta, bai kamata hoto ya ci mutuncinsa ba. Bari in koya miki, ba wuya.

Ki kashe ƙwan lantarki, ki kashe wutar kyamarar. Ki ja ƙaramin tebur zuwa bakin tagar kicin da safe, hasken ya riƙa zuwa ta gefe, kada ya zo ta bayanki. In ɗaya ɓangaren ya yi duhu, ki jingina farin kwali a wajen, zai mayar da hasken. Farantin nan mai furanni ki ajiye shi, ki nemo fari marar zane. Duk abin da ba ci za a yi ba ki kwashe shi daga teburin, sai dai cokali ɗaya. Babban abu kuma: ki rage abincin. Ido yana son wuri ɗaya da zai sauka. Yankan kek ɗaya da ɗan ɓarɓashi a gefe ya fi kek guda kyau, kuma kada ki dasa shi a tsakiya, ki matsar da shi gefe ki bar fili. Shinkafa daga sama ake ɗaukarta, kek kuwa sai kin durƙusa idonki ya yi daidai da tebur.

Mu nan in gaya miki, abin da muke ɗauka ba mai cinsa. Kaza da buroshi muke shafa mata mai ta yi ƙyalli, cikinta ɗanye shar. In mun gama, kwandon shara.

Maganar zuwa, na so ƙwarai. Amma otal zai canza jerin abincinsa gaba ɗaya, kuma manaja ya ce kowane kwano sai ya bi ta gaban kyamarata. Ina jin nauyin barinki da ɗawainiyar nan ke kaɗai. Da an gama ina hanya.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Muna nan yadda ka sani. Mama ta sa na karanta mata takardarka sau uku, wurin da ka ce kana kewar faɗanta ta ce in maimaita, wai ba ta ji ba. Ta ji sarai.

Na gwada abin da ka ce, kuma wallahi kamar ba kicin ɗinmu ba. Tagar nan tun ina yarinya nake wanke kwanuka a gabanta, ban taɓa lura cewa haskenta na safe yana da laushi haka ba. Na yanko kwalin sabulu na liƙa masa farar takarda. Farin faranti kuwa wajen maƙwabciyarmu matar tela na aro, tana ta tambaya ko baƙi za mu yi. Duba na ayaba da zuma, shi ya fi burge ni. Sai da na jira zumar ta fara gangarowa na danna.

Maganar rage abinci ba ta ba ni wahala ba, dama yanzu kaɗan ɗin nake zubawa. Yankan kek ɗin da ke hoto na biyu ma haka ya zauna yadda ka gan shi har yaran matar tela suka shigo.

Kafin Mama ta tashi nake yin wannan aikin, shi ne ɗan lokacin da nake jin kaina ya huta. Wani lokacin har kunya nake ji, in ga ina murna da inuwar cokali.

In ka samu hali ka leƙo mu, ko na kwana ɗaya ne. Ba don komai ba.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan Mama tana ƙara ƙarfi. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya taso mu gaba.

Yarinyar nan, ashe gwana ce ke a ɓoye! Na baza hotunan a kan teburin kicin, babban kuku ya ɗauki na ayaba ya ce wane ɗakin hoto ne ya yi wannan. Da na ce ƙanwata ce da kwalin sabulu, cewa ya yi in yi hankali da kujerata. Na ji daɗi da kika ce dama kaɗan kike zubawa, ashe idonki ya riga ya gane abin tun kafin in faɗa. Da kika ce kek ya zauna har yara suka shigo kuwa sai da na yi dariya, na ce ta kamu da ciwonmu, in mun shirya faranti ba ma son kowa ya taɓa. Amma ki riƙa barin Mama ta ci abinta, kada ta ce na lalata ki.

Ga wata magana. Manaja yana neman hoto babba da za a rataya a ɗakin shan shayi, yana son abu mai kama da gida, ba irin namu mai ƙyalli ba. Na nuna masa naki ya ce irinsa yake so. Ki yi min ɗaya da kek ɗin lemo, amma wannan karon ki sa hannun Mama a ciki, tana riƙe da cokali a gefen faranti. Hannu yana sa wa hoto rai. Hannun kawai, kada ki bari fuskarta ta fito. Kuma kada ki kai a wanke, ki ciro ɗan katin da ke cikin kyamarar ki sa a ambulan, ni zan faɗaɗa shi a nan.

Zuwa dai sai an buɗe ɗakin shayin. Na san na faɗi haka a baya. Tunda kin ce ba don komai ba, hankalina ya ɗan kwanta.

Yayanki

*

Yaya,

Muna gaisuwa. Ga katin nan.

Mama ta yi murna da ta ji hannunta zai hau bangon otal, ta sa na yanke mata farce na shafa mata mai. Ta riƙe cokalin har na gama.

Fuskar ba ta fito ba, kamar yadda ka ce. Na gane.

Auta

*

Auta,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Yaya jikin Mama? Ki gaya min gaskiya, yaya jikinta?

Katin ya daɗe a aljihuna ban duba da kyau ba. Na leƙa a ƙaramin gilashin kyamara na ga haske ya yi, fili ya yi, na miƙa wa masu bugawa na koma kan aikina. Jiya aka kawo shi, faɗinsa ya kai ƙofa, aka jingina a bango. Manaja yana tafawa, kuku yana cewa har ƙamshin lemo yake ji. Ni ma kek ɗin na fara kallo, sannan idona ya gangara kan hannun.

Auta, zoben Mama an naɗe masa zare. Zoben da tun muna yara ko da sabulu ba ya fita, shi ne aka naɗa wa zare ta ciki don kada ya zame. Ƙashin wuyan hannunta ya fito kamar zai huda fata. Kuma cokalin ba ɗauke yake ba, jingine yake da bakin faranti, yatsunta a kai kawai suke. Na tsaya a gaban mutane ina kallon hannun, manaja yana tambayata ko kalar ce ba ta yi min ba.

Na koma ɗaki na fito da duk hotunan da kika aiko. Ko ɗaya babu wanda aka taɓa abincin cikinsa. Ni da nake ɗaukar abincin da ba mai ci kullum, ni ne ban gane ba.

Na kira wayarki ba ki ɗauka ba. Ina abincin nan yake tafiya? Ke da kike tare da ita dare da rana, me kike kallo har ta koma haka? Me ya sa ba ki gaya min ba?

Yayanki

*

Yaya,

Na ga kiranka. Ban ɗauka ba don in na ji muryarka kuka zan yi, Mama kuma ko ba ta ji tana gani. Takardarka ta kwana biyu a ƙarƙashin matashina kafin na iya amsawa. Jikinta ba daɗi. Ga gaskiyar da ka nema.

Ka ce ina abincin yake tafiya. In kana nufin ni nake cinyewa ko sayarwa nake, Allah ya yafe maka. Yaran matar tela ne suke ci, sun yi ƙiba har uwarsu tana min godiya.

Tun bayan sallama Mama ba ta cin abin kirki. Cokali biyu, uku, sai ta ture ta ce komai ɗaci yake mata. Na canza girki, na dama, na tace, na roƙa, na yi fushi, har cewa na yi zan kira ka. Ranar ta riƙe hannuna ta ce, "In kika ɗaga masa hankali ya bar aikinsa, ban yafe ba. Ya sha wuya kafin ya samu." Ka san Mama in ta faɗi irin wannan. Hotunan nan ma biyu-biyu nake wankewa, nata a jakarta take zuba su. Da muka koma asibiti ita ta fito da su ta nuna wa likita, wai ga irin abin da take ci. Likita ya yaba hotunan, sannan ya ce ta hau sikeli. Da muka fito ya ja ni gefe ya ce in akwai wani babba a gidan a kira shi.

Ka ce ban gaya maka ba. Na gaya maka iya yadda zan iya ba tare da na karya maganarta ba. Na ce kaɗan nake zubawa. Na ce kek ya zauna ba a taɓa ba. Ka yi dariya ka ce na zama gwana. Da ka rubuto cewa kada fuskarta ta fito, sai na ɗauka ka gane komai, ba ka dai son gani ne, don in ka gani dole ka zo. Na yi fushi da kai sosai a kan wannan layin. Yanzu na ga ashe maganar hoto kawai kake yi, ban san wanne ya fi ciwo ba.

Amma ka tambayi abin da nake kallo, kuma wannan tambayar ta same ni, don ni ma ita nake yi wa kaina. Akwai wata safiya da na gasa burodi da madara da ƙwai, na yayyafa masa ɗan sukari, ya fito da kyau kamar a ce kada a ci. Na ɗora a bakin taga. Sai ga Mama ta fito da sandarta da kanta, ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Auta, ƙamshin nan ya yi min, ɗan ba ni." Yaya, rabon da ta nemi abinci da bakinta har na manta. Ka san me na ce? Na ce, "Mama, zauna, bari gajimaren nan ya wuce." Rana ta ɓuya ne, ina jiran haske. Ta zauna a kujera tana kallona ina gyara kwali. Da na gama na kai mata, ya huce. Ta kai baki sau ɗaya ta ce, "Ya wuce, 'yar nan, sai an jima." Ba ta sake nema ba.

Hoton ya yi kyau ƙwarai. Ban aiko maka ba, ban kuma iya gogewa ba.

Zaren zoben ni na naɗa mata, don ya faɗi a banɗaki sau biyu. Da zan ɗauki hoton na juya shi ta ciki yadda ba zai fito ba. Ban san za ka mai da shi girman ƙofa ba.

Ban karanta mata komai daga takardarka ba, na ce mata gaisuwa ce kawai. Ni dai ban ce ka zo ba, kada ta tambaye ni in yi ƙarya.

Auta

*

Auta,

Na iso lafiya daga wajenku, na koma aiki. Ina gaishe ki, ki gaishe min da Mama, ki ce mata na ci abincin da ta sa kika ƙunsa min tun a mota. Da fatan sabon maganin yana karɓarta.

Akwai abin da na kasa faɗa miki ido da ido, ko da muka zauna mu biyu a kicin. Tambayar da na yi ta inda abinci yake tafiya, ban nufi abin da kika ɗauka ba, amma na sake karanta ta a raina na ga ba yadda za a yi ki ɗauke ta da wata ma'ana daban. Ki yafe min. Tsoro ne ya kama ni, na rasa wanda zan ɗora wa sai ke da kike kusa.

Har yanzu ina ganin fuskar Mama lokacin da na shigo. Ko sannu da zuwa ba ta ce ba, sai "Wa ya ce ka baro aikinka?" tana hararar ki. Da na ce hannunta ne ya kira ni, ta duba hannun ta ce, "Munafuki." Na yi dariya don kada in yi abin da ya fi dariya. Na ji daɗi da muka koma wajen likita tare ya gano cewa ɗaya daga ƙwayoyin ne yake ɓata mata baki ya canza shi. Amma na ji sauran maganarsa kamar yadda kika ji: jiki ya riga ya zube, dawowarsa sai a hankali, kuma bai yi alkawari ba. Da na zo tun wasiƙarki ta biyu, da an canza ƙwayar nan tun tana iya fita tsakar gida. Wannan nawa ne, ba naki ba. Maganar safiyar burodin kuma ki sauke ta. Ni na ce ki jira haske.

Na roƙi manaja a sauke hoton ya ƙi, ya ce baƙi har tsayawa suke su ɗauki kansu a gabansa. Ta nan nake wucewa kullum in zan shiga kicin. Na daina neman a sauke.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ranar da zan taho, Mama ta ci rabin kwanon shinkafa da madara daga hannuna, na fito da murna in gaya miki. Na same ki a tsaye a bayan ƙofar kicin, kina cin ragowar dankalin jiya da sanyinsa, da sauri, kunnenki yana wajen ɗakinta. Rigarki ta yi miki yawa a kafaɗa. Tanderun kek ɗinki an rufe shi da zane an ɗora kwanuka a kai. Na koma da baya ba ki gan ni ba. A bakin ƙofa matar tela ta gaya min rabon da ki karɓi aikin kowa tun wasiƙata ta farko, kuma ko gidan ƙawarki da ta haihu ba ki leƙa ba. Na zauna a mota ina tuno takardun da na rubuto miki. Na tambayi Mama, na tambayi taga, na tambayi faranti. Ban tuna inda na tambaye ki ba.

Na yi magana da Goggo, ƙanwar Baba, ta yarda za ta zo ta zauna da ku, tana nan tafe cikin makon nan. Kada ki ce mata ba sai ta wahala ba, na san halinki. Na kuma gaya wa manaja cewa duk ƙarshen wata ina gida, in bai yi masa ba ya nemi wani. Ya yi ta gunaguni, ya yarda. In Goggo ta iso ki je ki ga jaririn ƙawarki, ki yaye zanen nan daga kan tanderu.

Takardar Mama tana ninke daban kamar kullum. Wannan taki ce, kuma kafin ki ba ni labarin kowa ki fara amsa min wannan: yau me kika ci, kuma a zaune kika ci ko a tsaye?

Yayanki